Muntari Mai Littafi da Masallacin Tsamiya

Muntari ɗan Djougou ne, jikan fataken goro, amma goro bai karɓe shi ba. Mahaifinsa ya taɓa aikensa Malanville da huhuna, ya dawo da labari mai daɗi da busasshen goro. Aka sake gwada shi, ya sake yin haka. Tsohon ya sa masa albarka, ya ce ya tafi Parakou ya nemi hajar da ba ta bushewa. Hajar da ya samu ita ce littafi.

Teburinsa na bakin kasuwar Arzèkè, tsakanin mai doya da mai gyaran salula. Abin da ke fita a teburin kalanda ce da carbi da littattafan addu'a. Abin da ke zuciyar mai teburin kuwa tarihi ne: sarakunan Songhai da na Borno da na Sakkwato, da wani babban littafi mai hotunan masallatan Tumbutu da Agadas wanda ba ya barin kowa ya taɓa sai ya goge hannu. Lakwal ɗinsa, wato karatun bokonsa, bai yi nisa ba, amma duk littafin da ya hau teburin sai ya karance shi kafin ya sayar, wani lokaci ma ya hana sayarwar. In mai saye bai yi masa kama da wanda zai karanta ba, sai ya ce, "Wannan zai yi maka nauyi, ɗauki kalanda." 'Yan zem, masu haya da babur, suka sa masa Farfesa. Ba yabo suke nufi ba, amma ya amsa.

Matarsa Mariatou atamfa take sayarwa a cikin kasuwar, kuma kowa a unguwar Guéma, inda suke zaune, ya san atamfar ce ke ɗora tukunya a gidan. Takan ce, "Malam, sarakunan nan naka da suka ci ƙasashe, har yau ban ga wanda ya aiko mana da mudun masara ba."

Wata Babbar Salla ya je gida Djougou, ya tafi azahar a Masallacin Tsamiya, tsohon masallacin ƙasa na unguwarsu. Ƙofar masallacin gajera ce, kuma Muntari dogo ne. Ya gwara goshi har hularsa ta faɗi. Yana murza wurin ya ce, "Wai wa ya gina wannan ƙofa?"

Tsofaffi biyu suka amsa a tare, kowa da sunan da ya kira. Suka dubi juna, kowa ya kawar da kai.

Ɗaya Alhaji Abduljalil ne, mai manyan motoci, babban gidan Madugu. Ɗayan Liman Sufyan ne, wanda limancin masallacin ke gidansu tun kaka da kakanni. Gidajen nan biyu suna gaisawa, suna zuwa jana'izar juna, amma an daɗe ba a ga sun sa hannu a akushi ɗaya ba. Muntari ya yi sallar nan goshi na zafi, zuciya na wani wuri. Shekara da shekaru yana sayar da tarihin masallatan mutane, nasu kuwa ko shafi ɗaya ba shi da shi. Kafin a sallame ya yanke shawara shi zai rubuta.

Ya fara da Alhaji. Ya zube a zaure, ya ajiye salula a kan tabarma tana ɗaukar magana. Alhaji ya gyara zama, ya ce kakansa Madugu Lado ne ya gina masallacin da ya dawo daga Gwanja, da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar farko, kuma ya rage tsawon ƙofar ne don kowane mai girman kai ya sunkuya.

"To, Baba Alhaji, kakan Liman fa?"

"Wa? Zulkiflu? Jakuna yake kora wa kakana. Limanci ya faɗo masa ne ranar da limamin ayari ya ci wake ya kasa tsayuwa. Rubuta yadda na faɗa, ɗana, kada ka rage ko wasali."

Washegari ya je wa Liman. Liman ya ce kakansa Malam Zulkiflu ya taso daga Katsina da jaki guda na littattafai, da sandarsa ya ja layin alƙibla, ƙofar kuwa daidai tsayinsa aka yi ta, don shi gajere ne mai albarka.

"Allah ya gafarta Malam, an ce Madugu Lado ne ya yi ginin."

Liman ya yi dariya har da tari. "Lado mai cusa ruɓaɓɓen goro a gindin huhu? Azara biyu ya bayar, ɗaya gara ta riga ta cinye cikinta. Sa a littafinka. Gaskiya ba ta tsoron tawada."

Muntari ya koma Parakou ya zauna rubutu. Da Hausa ya rubuta, amma da haruffan lakwal irin na Faransanci, ko'ina "ou" da "tch", sai mai karatu ya ɗaga murya kafin ya gane abin da aka ce. Ya rasa wanda zai gaskata cikin tsofaffin, sai ya sa maganar kowa yadda ta fito, ta Alhaji a dama, ta Liman a hagu. Da ya karanta wa Mariatou, ta ajiye muciya.

"Malam, cire waken nan da ruɓaɓɓen goron."

"Tarihi amana ne, Mariatou. Su suka ce kada in rage."

"Sun ce kada ka rage a kan kakan wani. Ka ji wanda ya ce ka ƙara a kan nasa?"

Bai cire ba. Ya kai shagon fotokofi aka buga masa ɗan siririn littafi mai koren bango, ya ɗauka ranar Juma'a ya kai Djougou ya shimfiɗa a gindin tsamiyar da ke bakin masallacin. Kafin la'asar ba zauren da ba a karanta shi da ƙarfi a unguwar. Mata na jin sa ta katanga. Wani mai shayi ya haddace shafin wake, yana maimaita wa duk wanda ya zauna.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Alhaji Abduljalil, wanda ko masallaci da mota ake kai shi, ya taka da ƙafarsa har gidan Liman. Suka shige ɗaki suka daɗe. Da suka fito bakinsu ɗaya: yaron nan ya yi musu ƙarya.

Aka kira Muntari gaban mai unguwa. Ya durƙusa, ya ciro salula ya ce, "Ranka ya daɗe, muryoyinsu na nan ciki, sai a saurara."

Alhaji ya ce shi ba ya sauraron kayan nasara. Liman ya ce muryar mutum ba ta zama shaida in ba mutumin a jikinta. Mai unguwa, wanda ya riga ya karanta littafin kuma yana ta kare baki da hannun riga, ya yanke cewa a janye shi, Muntari kuma ya nemi gafara. Ya nema, yana kallon ƙasa. Samarin gidajen biyu suka bi gida-gida suna karɓe kwafin littafin, mutane na cewa nasu ya ɓace alhali yana ƙarƙashin katifa. Masu fotokofi suka samu kasuwa. Kafin wata ya mutu an ga littafin a Kandi, an gan shi a Zongon Cotonou, bangon ya koma baƙi da fari, sunan marubucin ma ya goge.

Abin ya ci Muntari. Shi a ransa kyauta ya yi wa unguwarsu, yana zaton ranar da ya mutu za a ce ga wanda ya rubuta masallacin. Sai ga shi in ya je Djougou ana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Matan gidajen biyu da ke aure a Parakou suka daina sayen atamfa wurin Mariatou, ita kuma ta daina sa nama a miyarsa. Ya yi kwanaki yana zaune a tebur bai buɗe littafin sarki ko ɗaya ba. 'Yan zem na wucewa suna ihu, "Farfesa, yau wake za a ci?"

Gidajen biyu kuwa zumunci ya kankama. Suka ɗauko wani mushe, wato malamin lakwal mai ritaya, ya rubuta musu tarihin gaskiya, da Faransanci, bango mai sheƙi. A cikinsa Madugu Lado da Malam Zulkiflu sun shigo gari da safiya ɗaya, ɗaya na riƙe da tubali ɗaya na riƙe da buta, kuma har suka koma ga Allah ba su taɓa saɓawa ba. Jaki bai fito ba ko sau ɗaya. Aka kafa rumfuna, aka yanka sa, Alhaji da Liman suka ci a faranti ɗaya ana ɗaukar foto. Ba a gayyaci Muntari ba, amma an aiko masa da kwali guda ya sayar musu a Parakou. Ya karanta, kamar yadda ya saba, ya jera a gefen kalanda. Duk wanda ya ɗaga, sai ya sunkuyo ya tambaya a hankali ko akwai ɗan koren nan.

Sannu a hankali ƙura ta lafa. Masu sayen atamfa suka dawo, nama ya dawo miya, bisa sharaɗin da Mariatou ta gindaya: ya rubuta tarihin duk sarkin da ya ga dama, muddin ba shi da jika mai rai tsakanin Parakou da Djougou.

Bana da damina wani ɗan zem ya sauke wani tsoho a gaban teburin, da laima da buhun taki da ya zo saye. Ya ce sunansa Saifullahi, daga Partago ta wajen Djougou, kuma tun bara yake neman mai koren littafi.

Muntari ya fara ba da haƙuri tun bai ji laifinsa ba.

"Riƙe haƙurinka," in ji tsohon. "Kakana ne maginin da ya ɗora masallacin nan tun daga tushe, su biyun suna zaune a inuwa suna gardama. Na sa an karanta mini naka, an karanta mini nasu, ko sunansa babu. Ka zagi kakan kowa, nawa ka tsallake shi. Mu ba mutane ba ne?"

"Baba, ai zagin ne ya ja mini."

"To a zage shi mana! Mashayin burkutu ne, kowa ya sani, shi ya sa katangar gabas ta karkace. Amma a rubuta sunansa."

Muntari ya leƙa layin masu atamfa, ya hango Mariatou ta ba da baya tana auna yadi. Ya ɗauki bencinsa ya zagaya da shi bayan tulin doyar maƙwabcinsa, ya share wa tsohon wuri.

"Zauna nan, Baba. Yaya sunan marigayin?"