Injin Marigayi a Mashin ɗin Baba

Mashin ɗin Baba ya mutu ne a tsakiyar damina, a kan hawan da ke gab da Dabai, ina gaba yana baya. Na ji wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, sai hayaƙi, sai shiru. Na taka kik har ƙafata ta yi tsami, ko motsi bai yi ba. Baba kuwa yana zaune abinsa da sanda a cinya, ba abin da ya taimake ni da shi sai umarni: in duba filogi, in duba mai, in daina taka shi kamar ina daka. Na ce in ya fi ni iyawa ya zo ya taka. Ya ce da yana da ƙafafu ai da ba ni zai ɗauka direba ba. Wata a-kori-kura ce ta kwaso mu da mashin ɗin zuwa Zuru.

Haka muke da Baba, kullum cikin cacar baki. Tsohon soja ne, da kuɗin sallamarsa ya sayi mashin ɗin, kuma tun da gwiwoyinsa suka ƙi ni nake tuƙa shi. Yayyena maza duk suna bariki a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, Mama ta rasu, ni kaɗai na rage masa a gida. Ɗinki nake yi. Kowace safiya kafin in buɗe shago sai in kai shi gonarsa, in zaunar da shi a gindin ɗorawa, ya wuni yana yi wa 'yan ƙwadago tsawa a kan ciyawar da suka tsallake. Da la'asar in koma in ɗauko shi. Fartanya ma ba ya iya riƙewa, amma gonar nan ita ke tashinsa daga barci, ita ke sa shi cin tuwo.

Bakaniken da na kai wa mashin ɗin mutumin wajen Birnin Kebbi ne, ba ya gaggawa ko da gobara ake yi. Ya kwance injin, ya jera kayan cikinsa a kan buhu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Anti, wanga inji ya gama aikinshi.” Fistan ya fashe, karanshaf ya lanƙwashe, bulok ɗin ma ya tsage. Ya faɗi kuɗin sabon inji, na yi dariya don ban ga abin yi ba sai ita. Ya faɗi na ɗan hannu, wato wanda aka riga aka yi aiki da shi, ya kuma gargaɗe ni cewa sai ka biya ka ɗaura sannan kake sanin abin da ka saya. Gyaran namu kuwa, in aka haɗa kayan da za a canza, ya kusa kamo sabo. Na zazzaga masa masifa kamar shi ya fasa injin, shi ko ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma har na gaji na yi shiru.

Na kira yayyena. Kowa ya jajanta, kowa ya ce a jira ƙarshen wata, kuma na san ba ƙarya suke yi ba, su ma da nasu iyalin. Ni kuwa damina ba lokacin ɗinki ba ne, mutane sun zuba abin hannunsu a taki. Na nemo ɗan kabu-kabu ya riƙa kai Baba gona. Sau ɗaya ya hau, ya dawo yana huci, wai ba zai sake riƙe ƙugun mutumin da bai san rami ba bai san tsoho ba.

Daga nan ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, kwanciya kawai. Tuwo yakan dawo kamar yadda na kai shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gemunsa. Tun ina yarinya ban taɓa ganin rana ta fito wa Baba bai yi aski ba, ko ranar da aka binne Mama sai da ya yi. Yanzu ga furfura ta rufe masa haɓa, na kawo reza ya juya fuska bango. Na tsokane shi, na ce sojan ƙarya, ko tanka mini bai yi ba. Wallahi na ji tsoro, don na san in daminar nan ta wuce Baba yana kan tabarmar nan, ba zai tashi ba.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci sai ga amininsa ya shigo, don ya ga gurbin Baba a benci babu kowa. Tare suka yi golmo suna samari. A wajenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi shekaru yana noma wa surukinsa, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, ƙungiya suke yi, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Waɗanda suka sha wannan wahala tare sun fi 'yan uwa. Shi ma tsohon soja ne, kuma ɗansa namiji tilo ya bi sawunsa, ya tafi bakin daga can gabas, kayansa kawai aka kawo. Ni Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama, don a gidansu na yi rabin ƙuruciyata.

Ya zauna kusa da tabarmar, suka yi ta magana da yarenmu ƙasa-ƙasa. Na ji yana zolayar Baba cewa tun a golmo shi ne rago, kullum kunyar da yake nomewa ce a baya. Da zai tafi ya ce in zo gidansa gobe da bakanike.

Da muka je, wani ɗaki ya buɗe mana a bayan rumbu. Ya yaye tamfol, sai ga mashin ɗin marigayi ɗansa, irin namu sak. Wata damina bangon ɗakin ya faɗo masa, ya lanƙwasa ƙarfen gaba ya lotsa tanki, amma injin ko ƙwarzane babu. Bakanike ya taka kik a hankali, ya ɗago ya dubi tsohon da mamaki, ya ce ai wannan kamar jiya aka ajiye shi. Ashe duk mako tsohon yakan shiga ya duba baƙin mai, ya juya injin da ƙafa ba tare da ya murɗa makulli ba, don kada ya daskare. Bai taɓa tayar da shi ba tun rasuwar, saboda kada matarsa ta ji ƙarar.

Na ce ba zan karɓa ba. Na ce wannan ai ba ƙarfe ba ne a wurinsu, kuma ko ya sayar mini ba ni da abin biya. Ya ɓata rai, irin ɓacin ran da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

“Ɗiyata, wa ya yi miki maganar ciniki? A golmo in ka kai ƙarshen kunyarka ba zama kake yi ba. Juyowa kake yi ka kama kunyar na baya daga wancan bakin, ku haɗu a tsakiya. Ubanki ya juyo mini ranar da aka kawo kayan yaron nan. Ki bar ni in yi aikina.”

Duk lokacin da bakanike yake kwance injin, Mama, matar tsohon, tana madafa, ba ta leƙo ba. Na je gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba, tana ta tuƙa tuwo. Na fito, na ce a raina mun cuci matar nan.

Aikin bai ci kuɗi ba. An wanke kabureta, an sa sabon filogi da gaskit, an juye tsohon mai an zuba sabo. Salansarmu tsatsa ta cinye ta, don haka aka ɗaura ta marigayin. Da na tambayi ladan aiki, bakanike ya ce in bar masa mataccen injinmu, zai tsinci abin da zai tsinta a ciki, mun rabu lafiya. Na ba shi haƙuri a kan masifar rannan, ya ce ai shi ya saba, duk wanda injinsa ya buga shi yake fara zagi.

Takawa ɗaya injin ya tashi. Sai dai da jin ƙarar gabana ya faɗi, don na san ta, duk unguwarmu ta san ta. Marigayin ya taɓa huda salansar tun yana saurayi don ta yi kauri, in ya shigo layi tun daga nesa ake cewa ga shi nan. Na shiga gida da mashin ɗin, Baba yana ɗaki ya ji ƙarar. Washegari na tashi na tarar ya yi aski, ya sa takalmin gona, yana faɗa wai na makara.

Matsalar ita ce gidansu aminin yana kan hanyarmu ta fita, ɗayan layin kuma ruwa ya zaizaye shi, ko akuya da kyar take bi. Na ce ba zan wuce ƙofar Mama da muryar ɗanta safe da yamma ba, ba ni da wannan rashin kunyar. Don haka da safe in mun kusa gidan sai in kashe injin, mu gangara shiru, tunda gangare ne. Da yamma kuwa hawa ne, dole in sauka in tura, Baba yana zaune a kai kamar buhun dawa, ina haki ina zufa, mutane suna tambaya ko mai ne ya ƙare. Karo na farko ke nan da na yanke shawara Baba bai musa mini ba. Shi ma hularsa yakan cire har mu wuce.

Mun yi makonni a haka, har dawa ta fara fitar da kai. Wata la'asar ina cikin turawa, kaina a sunkuye, sai na ga ƙafafu a gaban tayar. Mama ce, da muciya a hannu, ta tsaya a tsakiyar hanya. Na gaishe ta, sai ta jefo mini tambaya.

“Injin ne ba shi da lafiya?”

Na ce lafiyarsa ƙalau, Mama.

“To me ya sa kike kashe shi a ƙofata? Kullum ina jinku daga can, in bar abin da nake yi in saurara, kuna zuwa nan sai ki yanke mini shi.”

Na fara kame-kame, na ce mun ga kamar zai tayar mata da hankali ne. Ta dubi Baba, ta dubi mijinta da ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ta ce mu duka ukun ba mu da wayo. Ita ce fa ta tura shi gidanmu ran Lahadin nan, ita ta ce a cire injin. Shekara da shekaru tana jin tsohon yana shiga ɗakin yana juya shi a ɓoye, tana jira ya tayar, ba ta roƙe shi ba don ta ɗauka shi ne ba zai iya ji ba. Ranar da muka zo kuma ba ta fito ba ne don kada mu ga hawayenta mu fasa.

“Tayar da shi,” in ji ta.

Na hau na taka. Ƙarar ta cika layin. Ta ɗora tafin hannunta a kan tanki, ta rufe ido, ta daɗe a haka, hawaye yana zuba ba ta share ba. Mijinta ya juya baya yana gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta. Ni ma kuka nake yi, Baba yana zungurina da sanda wai in riƙe kan mashin da kyau.

Da ta ɗauke hannunta ta ce daga yau in na iso ƙofar in ƙara masa wuta sau biyu, haka yaron yake yi don ta san ya dawo ta ɗora ruwan wanka.

Baba ya ga kakar shekarar, ya ga ta shekarar da ta biyo baya, yana gindin ɗorawarsa yana tsawa. Damin dawa na farko da aka ɗaure a gonar, a bayan mashin ɗin na kai shi gidansu. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, kuma duk lokacin da na fara sai Mama ta ce in rufe mata baki. Abin da na iya shi nake yi: ina canza baƙin mai a kan lokaci, ba na ba kowa aron mashin ɗin, kuma ko sauri nake yi, in na zo ƙofar nan sai na murɗa sau biyu. Wani lokaci tana fitowa, wani lokaci daga madafa nake jin ta ce sannu da dawowa.