Wurin Wankan 'Yar Fari

Ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba, kuma a nan ma ba zan rubuta shi ba. Haka aka rene mu. Ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a faɗin sunansa, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Da ta yi aure a unguwar Ekoudou ta samu ciki, ni ce ta ƙarshe a gidanmu da ta nuna ta sani, alhali ni na fara ganewa, tun ranar da ta zo ta ture kwanon miyar kuka ta ce wari take yi mata.

A al'adarmu haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa a yi, a zauna a yi wankan jego har arba'in. Abin da nake so ke nan, kuma ba ni da bakin roƙonsa. Abin da ya tsaya mini a gaba shi ne wurin wankanmu.

Gidanmu a unguwar Briqueterie, cikin birnin Yaounde, a kan gangare yake, wurin wankan kuma a lungu bayan madafa. Malam, wato maigidana, ya gina shi yadda ya saba gani a garinsu can arewa: katangar ƙasa, sama a buɗe, dutse ɗaya na tsayawa. Can abin yana yi, don rana tana shanya komai. Yaounde kuwa damina biyu take yi a shekara. Katangar ta yi kore, ƙasa ta zama jan taɓo, ga ƙanƙanta, in ka buɗe hannu sai ka taɓa bango da bango.

Uwar mijin yarinyar, Hajiya, mace ce mai jiki da murya, atamfa take sayarwa, kuma a gidanta akwai famfo da bayin siminti. Wata rana ta zo gaisuwa, ta kewaya, ta fito tana kankare ƙafa a bakin dakali.

"Ƙanwata, wannan wurin wanka ne ko gonar shinkafa? Na shiga da takalmi biyu, da ƙyar na fito da ɗaya."

Na ce, "Damina ce, Hajiya."

"A gidana ma damina ce. To, ba komai. In lokaci ya yi yarinyar ta zauna a wurina ta yi wankanta. Ai ke ba damuwa kika yi da ita ba, ko sunanta ba ki sani ba."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma na san ba wasa kaɗai ba ne, kuma gaskiya ta faɗa. Ba a shigar da mai jego cikin taɓo.

Halin yin sabon gini babu. Malam tela ne, kekensa ɗaya, kuma salla tana da nisa. Abin da nake da shi saƙa ce. A lokacin ina zuwa makarantar manya da la'asar, inda na koyi wannan rubutun da kuke gani. Madam ɗinmu, wato malamar ajin, 'yar Garoua ce, rabi Faransanci rabi Fillanci take koya mana, ran Alhamis kuma sai ta ajiye alli ta fito da tsinkayen saƙa. Sabon ulu ya fi ƙarfina, sai ta nuna mini dabara: a sayi tsohon tiriko na gwanjo, wato rigar sanyi, a warware shi, a naɗe zaren a bayan kujera, a turara shi a bakin tukunya har lanƙwasarsa ta miƙe. Tsinkayena wayar ƙafar keken hawa ce, mai gyara ya goge mini bakinsu. Da su na saƙa hulunan jariri da safa da 'yan riguna, ruwan toka da ruwan ƙwai, duk launin da gwanjo ya ba ni. Wanda duk ya tambaya na wa ne, sai in ce na maƙwabta ne.

Ƙaryar ma ta zama gaskiya. Akwai maƙwabcinmu birkila, ɗan kudu, yana aiki a sababbin gidajen da ake ginawa a Cité Verte. Matarsa ta ga hulunan ta leƙo ta kan katanga, ta nuna mini tagwayenta masu yawan mura. Da buroka, wato Turancin kasuwa, da nuni da hannu muka shirya: ni in saƙa wa tagwaye tiriko, shi kuma ya riƙa kwaso mini fasassun karo, wato tayil na daɓen ƙasa, da ake zubarwa a wurin aikinsu, ran Lahadi ya zo ya daɓe mini ƙasa. Malam ya sayo ɗan siminti. Ni na zauna a tabarma na jera gutsattsarin da hannuna, fari kusa da shuɗi, kore a gefe, ina juya kowane ɗaya har ya sami maƙwabcin da ya dace da shi. Ban ga bambancinsa da saƙa ba, sai dai wannan yana yanka yatsa.

Da daɓe ya bushe na kankare koren bango, na dama farar ƙasa da ɗan shuni na shafe shi sau biyu. Malam ya harhaɗa ƙyallayen shagonsa ya ɗinka labule mai kauri, ninki biyu. Sai rufi. Tsoron ruwan sama ya riga ya shige mu, don haka da muka sami tsohon kwano muka kwantar da shi daidai kan katanga, na bi duk wata kafa na toshe da tsumma da laka. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na shiga na tsaya a ciki, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Na daɗe a tsaye ina jin daɗi.

Malam ya leƙo ya ce, "Wai duk wannan aikin na wane ne?"

Na ce, "Na gida."

"To, gida ya gode. Gida ya tsufa yana wanka a taɓo ba wanda ya tuna da shi sai bana."

Saura Hajiya ta gani, kuma ba zan iya aika mata ta zo ta duba ba. Sai na saƙa mata safa mai kauri ta sallar asuba na aika. Ba a yi kwana nawa ba ta sauko daga taksi, wai ta zo godiya. Ko zama ba ta yi ba ta wuce bayan madafa. Ta ɗaga labule ta leƙa. Ta cire takalmi ta murza tafin ƙafarta a daɓen.

"Ba ya santsi. Wa ya jera?"

"Ni ce, Hajiya."

"Hm. Ɗora mini ruwa."

"Wanka za ki yi?"

"Gwaji zan yi. Ni atamfa ma sai na jiƙa bakinta kafin in saya."

Wanda bai san wankan jego ba, ba da soso da ruwan ɗumi ake yi ba. Ruwa ake tafasawa a babbar tukunya, a shiga da shi yana tururi, a tsoma damin ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. Hajiya ta sa na tafasa, ta karyo ganyen mangwaro, muka kama tukunyar muka shigar, ta saki labule. Ina tsaye a waje ina jin fyat, fyat. Can sai tari. Sai ga ta ta banko labule ta fito da baya, tururi na bin ta, gumi har cikin ido, baƙin zanenta ya yi dabbare-dabbare da fari.

"Wayyo Allah! Ƙanwata, dambu kika so ki yi da ni?"

Na leƙa. Tururi ya cika wurin ba inda zai fita, farar ƙasar da na shafa tana gangarowa layi-layi, ta kwanta a kan karo kamar kunu. Mun yi ta yaƙi da ruwan da ke saukowa, mun manta da wanda ke tashi sama.

Hajiya ta zauna a dakali tana fifita da mayafi. Ta ce, "Kun gyara wa ido, ba ku gyara wa mai jego ba. Ni da ƙarfina numfashi ya gagare ni. Yarinyar da ta haihu jiya, jiri zai kwashe ta a nan."

Na ɗauko tsumma na durƙusa ina goge daɓen. Na ji idonta a bayana.

"Faɗi mana. Kina so ta zo nan?"

"Yadda kuka ga ya fi, Hajiya."

"Ji ta! Yatsu duk yanka, wai yadda muka ga ya fi. Ni ba baƙuwa ba ce, ba mai jin mu sai kaji. Kina so ko ba kya so?"

Na ci gaba da goge wuri ɗaya. Da ƙyar na ce, "Ɗakin baya babu kowa a ciki."

Ta kwashe da dariya har ta sake tari. "Shi ke nan, na ji. Ɗakin baya ne yake so." Ta miƙe ta nuna da sandar muciya. "A ɗaga kwanon nan kamu ɗaya daga kan katanga, a cire tsummokaran nan. Farar ƙasa a kankare ta har tsayin kafaɗa a shafe da siminti, sama ki bar kwalliyarki. Simintin ni zan aiko, kar ki buɗe baki, jikana ne. Kuma sai na dawo na sake gwadawa."

Haka aka yi. Birkila ya kafa 'yan sanduna ya ɗaga rufin. Bangon ƙasa ya koma ruwan toka, bai kai da kyau ba, kuma in iska ta kaɗa ruwan sama yana ɗan fesowa. Hajiya ta dawo ta shiga da tukunyarta, ta fito ba tari, ta ce a ba ta shayi.

Da cikin ya shiga wata na bakwai taksi ya tsaya a bakin layinmu, yarinyar ta fito da akwatinta a hankali. Ina jin sallamarta na shige madafa na kama wankin tukunyar da na riga na wanke. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Inna, na zo." Na ce ta shiga ciki, akwai iska.

Namiji ta haifa. Wankan gwaggonta ce take yi mata, ƙanwar Malam, ni aikina itace da wuta. Ranar farko ina durƙushe a bakin murhu na ji ta daga ciki tana cewa, "Inna, wallahi ruwan nan ya yi zafi!"

Na ce, "Gwaggo, gaya mata haka ake yi."

Washegari, kafin a zo ɗaukar tukunyar, na faki ido na zuba ƙwarya ɗaya ta ruwan sanyi.