Yadda Gwaggo take tashi

Jiya santsin damina ya kayar da ni a bakin rijiya, sai na tuna Gwaggona. Ranar da ta faɗi a tsakar gidanmu na Dauran, surukinta yana sallama a zaure. Na kama hannunta zan fizgo ta, kada ya gan ta a ƙasa. Ta ce, "Ke, sake ni. Kunya ba ta ɗora karaya." Ta jima kwance tana laluben ƙugunta, sannan ta mirgina gefe, ta rarrafa cikin laka har turmi, ta dafa shi, ta kafa ƙafa ɗaya, ta miƙe a hankali. Yau duk tsohuwar da ta zo mini jaje sai na sa ta durƙusa ta gwada irin wannan tashin a gabana. Allah ya sanyaya makwancin Gwaggo.