Tofin da Na Yi ta Taga

Ban taɓa sayen buhun masara ban zura hannu har ƙasansa ba. A Salaga na koyi haka wurin mahaifina, wanda ya gaji fataucin goro kafin ya koma doya. Ko ƙaninsa ne ya kawo masa kaya sai ya kwance ya duba. Karatuna na boko a aji shida ya tsaya, aure ya kai ni Bawku, na shekara fiye da ashirin a kasuwar hatsi. Ina kulle shago in tafi, in dawo daga bakin titi in sake taɓa kwaɗon.

'Yata ta biyu ce ta yi nisa a karatu. Ta gama jami'a a Kumasi a fannin lissafi, ta yi shekarar bautar ƙasa, ta dawo gida da takarda mai hatimi. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ta ce, "Mma, yanzu aka fara."

Sunan aikin da take so akcuwari. Su ne masu yi wa kamfanonin inshora da na fansho lissafin abin da ka iya samun jama'a, gobara ko haɗarin mota ko tsufa, don a san tanadin da za a yi. Ta ce digiri kaɗai ba ya mayar da mutum haka. Akwai ƙungiyar masu sana'ar a ƙasar waje, ita ke shirya jarrabawa, fiye da goma, ɗaya bayan ɗaya, ana zama sau biyu a shekara. Karatun jami'arta ya sa an yafe mata kaɗan daga ciki, sauran sai ta rubuta. Bayan wannan kuma sai ta yi shekaru tana aiki ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, ya sa hannu cewa ta iya kuma tana da amana.

"Ina makarantar take?"

"Babu makaranta, Mma."

"Malamin fa?"

"Littattafai ne, sai darasi a waya."

"To wa ya taɓa ganin mutanen nan da idonsa?"

Ta yi dariya. "Ke kin taɓa ganin masu aiko mana da wutar lantarki?"

"Shi ya sa ban yarda da su ba."

Abin da ke raina ban faɗa mata ba. A unguwarmu ta Salaga na ga ɗan maƙwabta da ya shiga sakawa, damfarar nan da ake yi wa mutanen waje ta kwamfuta. Shi ma da haka ya fara, ɗaki a kulle da rana tsaka, kwamfuta a cinya, wai karatu yake. Ban ce 'yata za ta cuci kowa ba. Tsorona shi ne a ce ita ake cuta, wasu su zauna a wani wuri su ƙirƙiro jarrabawar da ba ta ƙarewa, su riƙa jan yarinya har su kai ta inda suke so.

Wata shida ta yi tana shirin takardar da ta ce ta fi waɗanda suka gabata wuya. A ɗaki ake rubuta ta, a kwamfuta, kyamara na kallon mutum daga farko har ƙarshe. Gidanmu na Bawku yana jikin injin niƙa, kuma a lokacin garin ba shi da tabbas, ana iya wayar gari an hana fita. Sai muka shirya zuwa Yendi wurin yayata, wadda ke da ɗaki a can ƙuryar gida. Na ce zan raka ta.

Ana gobe jarrabawa ta kwashe komai daga ɗakin. Ta rufe kabad ɗin kwanukan yayata da zanin gado. Sannan ta hau kujera ta sauke kalanda mai hoton Ka'aba, ta sauke allon ayoyin da ke saman ƙofa.

"Ke! Me sunan Allah ya yi musu?"

"Mma, ba su yarda a bar rubutu ko ɗaya a bango ba. Ko na mai gyaran babur ne."

"Haka suka ce miki."

Yayata tana bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Sarauniyar wasuwasi, ki bar yarinya ta huta. Ke ko ruwan zamzam aka ba ki sai kin tace."

'Yata ta zaunar da mu ta jera mana dokoki. Awa uku da 'yan mintuna. Ba mai shiga, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai kiran sunanta. Ita kanta ba a yarda ta motsa baki ba. In aka ji murya ko aka ga wani a ɗakin, an soke takardar, wata shidan sun tafi.

Yayata ta ce, "Ko bisimilla ba za ki yi ba?"

"Zan yi a zuci, Mma Babba," ta ce da ita. Sannan ta juyo gare ni. "Mma, ke za ki tsare min ƙofa. Na san ko ƙuda ba zai wuce ki ba."

Da safe yayata ta kwashe mutanen gidan ta tafi da su bikin suna a wata unguwa don a sami shiru. Na ɗauki kujerar tsuguno na zauna a bakin ƙofa da carbina. Mai tallar koko ta yi sallama, na tare ta tun daga zaure. Wata tsohuwa ta zo gaishe ni, ta ji na iso gari, na sallame ta a tsaye, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Da na dawo mazaunina sai na ji muryar namiji a ɗakin. Turanci yake da sauri ta cikin kwamfuta, irin wanda kunnena bai saba da shi ba, amma na tsinci kalma biyu da na sani tun firamare. Ya ce ta nuna masa. Ya ce kunne.

Na zagaya bayan ɗakin. Tagar mai gilashi jere ce, an ja labule, amma akwai 'yar kafa a gefe. Ina kallo 'yata ta ɗage hijabinta ta juya wa kwamfutar kunnen dama, ta juya na hagu. Ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ta nuna ciki da baya. Ta ɗaga kwamfutar ta zagaya da ita ɗakin, har ƙarƙashin tebur. Duk cikin dokokin da ta jera mana ba ta ambaci wannan ba.

Na koma kujera na zauna. Muryar ta ɗauke. Awa guda ban ji komai ba sai 'yar ƙarar yatsu, kuma shirun ya fi muryar tayar min da hankali. In na buɗe ƙofa na ɓata mata wata shida. In na zauna kuma wani abu na faruwa da ita, me zan ce ranar da aka tambaye ni amanarta? Na tashi, na zauna, na sake tashi. Daga ƙarshe na ga wata hanya da ba ta cikin abin da ta hana. Ba zan shiga ba, ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan kira ta ba.

Na koma tagar, na zura yatsa tsakanin gilasai na ja labulen kaɗan. Ta ba ni baya, gumi ya jiƙa wuyan hijabinta, allon kwamfutar cike da lambobi. Na kafa bakina a kafar na karanta Ayatul Kursiyyu a hankali na tofa cikin ɗakin. Sau uku na yi. Na saki labulen na koma bakin ƙofa, zuciyata ta ɗan kwanta. Ko kaɗan bai zo min ba cewa in ta ba taga baya, to kyamarar da ke kallonta tagar take fuskanta.

Ta fito bayan azahar tana murmushi. "Mma, wannan karon na ga haske." Na ce Allah ya sa.

Mun koma Bawku da makonni sakamako ya fito. Abokan karatunta suka ga nasu, ita wasiƙa ta samu. A tsakar gida ta karanta min, tana fassarawa muryarta ba hawa ba sauka. An ga wani mutum a taga a bayanta yana motsa baki na tsawon mintuna. Ana zargin amsa ake faɗa mata. An riƙe sakamakonta, ana jiran bayaninta. In laifin ya tabbata za a iya hana ta zama jarrabawa na shekaru, kuma a rubuta a takardunta cewa ta yi maguɗi, a sana'ar da ba a ɗaukar wanda aka taɓa shakkar amanarsa.

"Mma, kin ga wani ya zagaya baya?"

Na ce, "Ni ina bakin ƙofa." Ba ƙarya na yi ba, na zauna a bakin ƙofa.

Kwana biyu ina ɗauke da abin. A rana ta uku yayata ta bugo waya tana huci. Ta ce ta gano mai aikin, maƙwabciyarta ce da suke rigimar magudanar ruwa, dama ta saba leƙen gidan mutane. Ta ce yanzu za ta ɗaura ɗankwali ta je ta same ta gaban mijinta.

"Yaya, kada ki je."

"Don me?"

"Ni ce."

Ta ce, "Kai, Allah ya shirye ki. An ba ki ƙofa kin koma taga."

'Yata tana tsaye a bayana da bokitin wanki. Ta ajiye shi, ta shiga ɗaki ta fito da wayarta ta nuna min hoton da suka haɗo da wasiƙar. Ido ɗaya ne, da baki, da gefen mayafi mai ruwan ƙasa.

"Na san mayafin, Mma. Ni na sayo miki shi. Jira nake ki faɗa."

"Na ga kina buɗe wa namiji kunne."

"Da kin tambaye ni."

"Da kin faɗa min."

Ta ɗauki bokitinta.

Ni na rubuta bayanin da hannuna, da Hausa, a takardar da na yago daga littafin makaranta. Sau huɗu ina sakewa saboda kada in rage ko in ƙara. Wani malamin sakandare na unguwarmu ya mayar da shi Turanci, tunda ba a yarda wadda ake zargi ta fassara ba. Bayan kwanaki suka ce suna son magana da ni. Na yi wanka na sa kayan Juma'a, na zauna gaban kwamfutar, malamin a gefena. A allon kwamfutar mace ɗaya ce mai furfura da namiji ɗaya, kowanne a ɗakinsa. Bangon bayan matar cike da littattafai da rubuce-rubuce, na lura da wannan.

Suka tambayi iyakar karatuna, na ce aji shida. Suka tambayi ko na san abin da aka tambaya a takardar. Na ce ni mudu da tiya na sani. Sannan matar ta ce ko zan iya maimaita abin da na faɗa a tagar, daidai yadda na faɗe shi. Na gyara zama na karanta, sau uku, har da tofin. Ina yi suna kallon wani wuri a gabansu, ashe hoton ranar suka kunna suna gwada shi da bakina. Namijin ya gyaɗa kai.

Da suka ce ko ina da abin cewa, na ce wa malamin ya tambaye su dalilin kunne. Ya ce, "Hajiya, a bar wannan." Na ce ya tambaya. Matar ta ce akwai 'yar na'ura da ake ɓoyewa a kunne a riƙa jin amsa daga waje, kuma duk macen da ta so tana iya neman mace ta duba ta. Na juya na kalli 'yata da ke zaune a bayanmu. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta so ta tsawaita abin ne ranar.

Hukuncin ya zo bayan mako uku. Sun wanke ta daga maguɗi, ba a rubuta komai a sunanta ba. Amma an karya dokar ɗaki, don haka takardar ba ta ƙirgu ba, kuma ba za a faɗa mata makin da ta ci ba. Sai zama na gaba.

Ta sake wata shidan daga farko. A lokacin ta sami aiki a wani ofishin inshora a Tamale, ta kama ɗaki a can. Wata ranar Laraba ta kira ni ina tsakiyar awo, ta ce, "Mma, na ci takardar nan." Na ce yaushe aka yi? Ta ce tun wata biyu da suka wuce.

Yanzu saura mata huɗu. Tana kira na kowace Juma'a, tana aiko min da magani, muna hira har ta ba ni labarin mai gidan hayarta. Ranar jarrabawa ce kawai ba ta faɗa min. Na gwada yayata, ta ce ita ma ba ta sani ba, amma yadda ta yi saurin faɗa bai kwanta min ba. In na ji muryar yarinyar ta shaƙe a waya, ko ta ce kada in kira ta gobe da safe tana da taro, sai in ce to, Allah ya ba da sa'a a taron. In na ajiye wayar nakan daɗe a zaune ina lissafin watanni, ko lokacin zaman ya yi.