Ranar da Ƙanƙarar Alhaji Ta Narke a Barunde

Shekara goma sha ɗaya na yi ina wankin mota a Bolari, bayan wata tasha, a ƙarƙashin wani mutum mai rijiyar burtsatse da injin feshi biyu. Tifa, tirela, akori-kura, babu wadda ban wanke ba. Amma wankin inji aka fi sanina da shi. Direba zai tsallake mutum uku ya zauna jirana, don ya san idan ni na wanke, murɗa makulli ɗaya motarsa za ta tashi.

Ba wani asiri ba ne. Sai inji ya huce tukuna. In cire wayar batir, in ɗaure distiributa da leda, wato abin nan mai murfi da ke raba wuta zuwa fulogogi, in rufe koyil mai ƙara ƙarfin wutar, da bakin kafireta inda mai ke haɗuwa da iska. Baƙin mai kuwa da kananzir da burushi nake bin sa lungu-lungu, sannan in ɗauraye a hankali da tiyo marar ƙarfi, in goge, in bar bonet a buɗe rana ta ƙarasa aikin. Wani dattijon makanike Batangale da garejinsa ke jikin wurinmu shi ya koya mini. Baba muke ce masa, Musulminmu da Kiristanmu.

Wata Laraba da azahar wani Alhaji ya kawo akori-kurarsa mai shan fetur. Ƙato ne, surukin wani babba a sakatariya, kuma ba ya minti biyar bai ambaci hakan ba. Ya ce inji yake so a wanke, yanzu-yanzu.

Na taɓa bonet na ji zafi. Na ce, "Alhaji, a ba shi rabin awa ya huce."

Ya ce, "Kai ne za ka koya mini motata? Ɗauko injin feshin nan."

Na ce masa ruwan wannan injin da ƙarfi yake fita, zai shiga inda wuta take. Na juya ɗauko leda. Kafin in dawo ya fizge tiyo daga hannun abokin aikina, yana ta fesawa, tururi na tashi kamar an buɗe tukunyar dambu. Da ya gamsu ya shiga ya murɗa makulli. Mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya murɗa, ya murɗa, ko alamar tashi.

Daidai lokacin matata ta iso da kwanon abincina. Daga Kagarawal take zuwa, ba kullum ba, ranar ma asibiti ta je ta biyo. Tana tsaye da kwanon a hannu Alhaji ya fito daga mota ya sharara mini mari. Hulata ta faɗa cikin ruwan omo.

"Ka kashe mini mota, matsiyaci!"

Mutum ya fi ashirin a wurin, kuma duk sun ga wanda ya riƙe tiyo. Babu wanda ya buɗe baki sai Baba, shi ma Alhaji ya daka masa tsawa. Mai wurin ya fito, ya ji sunan sakatariya, ya ce in tattara tsummokarana. Baba ne ya busar da injin motar ta tashi, amma ni dai an riga an kore ni.

Muka hau keke mai ƙafa uku ni da matata muka koma gida. Ba ta taɓa tayar da zancen ba har yau, kuma wannan shirun ya fi marin ciwo. Wata huɗu ina zaga gari neman aiki, ko'ina labari ya riga ni isa: ai shi ne ya jiƙa wa Alhaji mota. Na yi dakon siminti, na yi noman ƙodago. Duk sanda na ɗaga fartanya fuskar mutumin nan nake gani a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na roƙi Allah ya haɗa ni da shi a inda yake buƙatata.

Da idon Baba ya raunana ya bar gareji ya koma gidansa a Barunde, sai ya aiko a kira ni. Yana da rijiya da fili a ƙofar gida, bakin titi. Ya ce, "Ɗana, zo ka buɗe naka." Nan na fara da bokiti biyu da burushi, tsofaffin direbobina suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Shekara biyu bayan haka, cikin azumi, lokacin zafin nan da kwalta ke laushi, wajen ƙarfe ɗaya na rana, wata akori-kura ta taho tana tari tana fizga, ta mutu ɗan nesa kaɗan da rumfata. Tun kafin direban ya fito na gane ta. Bayanta shaƙe da ƙanƙara a buhuna, an lulluɓe da tamfol, za a kai wa masu sayarwa kafin shan ruwa.

Alhaji ya buɗe bonet. Daga inda nake zaune na hango injin yana ƙyalli, fes, ruwa na ɗiga ta ƙasa. Ashe yana jiran lodi a gidan ƙanƙara ya ga tiyo, hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi.

Baba na kan kujerarsa a gindin dogonyaro. Ba ya gani sosai, amma kunnensa lafiya lau. Ya ce, "Wannan ruwa ne a distiributa."

Na ce, "Baba, shi ne. Mutumin Bolari. Don girman Allah kada ka ce komai."

Ya ja hularsa ya rufe fuska.

Alhaji ya ƙaraso rumfata yana share gumi. "Malam, ba makanike a kusa?"

Ido cikin ido muka kalli juna, bai gane ni ba. Shekara biyu ina kwana da fuskarsa ina tashi da ita, shi ko tawa bai riƙe ba. In da akwai sauran tausayi a raina, nan ya ƙare. Na ce, "Ni mai wanki ne, Alhaji. Me na sani a inji?"

Na koma na zauna a kan benci na harɗe ƙafa. Alhaji ya kira waya, aka ce makanikensa ya yi tafiya. Masu wucewa suka taru, kowa da shawararsa: wannan ya ce mai ne ba ya zuwa, wancan ya ce a canza fulogi. Alhaji na ta murɗa makulli har batir ya fara nishi. Ƙanƙara kuwa ta soma zuba, da fari ɗis-ɗis, daga baya kamar an buɗe famfo, ruwan ya bi gefen titi ya wuce ta gaban ƙafata. Awaki suka zo suna sha. Wayarsa ba ta daina ƙara ba, ina jin sa yana ba mutane haƙuri, murya ƙasa-ƙasa. Tsumman da zai gyara motar yana kafaɗata. Ina azumi, na san ina azumi, amma daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Sai da aka kusa kiran la'asar, tamfol ya lotsa har rabi, na tashi na je gabansa.

"Alhaji, ka tuna wani da ka mara a Bolari, gaban matarsa?"

Ya ƙura mini ido. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Bawan Allah, watan azumi ne. Ka yi haƙuri."

"Zan tayar maka da ita. Amma faɗa wa mutanen nan wa ya fesa ruwa ran nan."

Ya ce, "Ni ne," can cikin maƙogwaro.

Na ce ban ji ba.

"Ni ne na fesa! Ba laifinka ba ne!"

Na ce to, bari in yi salla. Na yi alwala a tsanake, na bi jam'i, na zauna na yi addu'o'ina ban rage ko ɗaya ba. Da na dawo na ɓalle murfin distiributa, ga raɓa nan jingim a ciki. Na goge, na hura, na goge bakin wayoyin, na mayar. Ko minti uku ban yi ba. Batir ya riga ya mutu, sai da aka tura. Ban sa hannu ba. Shi Alhaji da babbar rigarsa ya kama ƙofa yana turawa, takalminsa na santsi a cikin ruwan ƙanƙararsa, wani ya shiga ya ba ta giya ta tashi.

Baba kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. A na uku ya ce, "Ka yi mugunta, kuma ka sa na taya ka." Na ce haka ne, Baba, ka yafe mini naka kason. Ya tambaye ni ko yanzu zuciyata ta yi sanyi. Na ce ta yi, amma da za a mayar da ranar, da sai na bar Alhaji har magariba.