Kwaɗon Baƙo a Ƙofar Sitonmu

Shekarun baya, lokacin da manyan ƙasashen duniyar nan biyu, ta gabas da ta yamma, suka shiga lafta wa kayan juna haraji, duk kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe babu wanda ya kai ni bin labarin. Rediyo a kunne, waya a hannu. Da safe in na zauna teburin mai shayi sai in yi ta zuba, wannan ta hana waccan kaza, waccan ta rama da kaza, har abokan kasuwa suka laƙaba mini suna Mai Sharhi. Ni kuwa sai fasa kai nake yi, ban gane tsiya suke mini ba.

Sana'ata dillancin waken suya, kuma gado na yi. Mahaifina, Baffa muke ce masa, ya bar mini sito guda da amanar manoma. Da kaka sukan kawo wakensu daga ƙauyuka su jibge a wurina, in kasuwa ta yi kyau in sayar musu. Ya kuma bar mini wata doka da ba a rubuta ba: buhunan bakin ƙofa na masu kwano ne, wato matan da ke zuwa kullum da safe su auni kwano biyar ko goma su je su yi awara. Babbarsu wata dattijuwa ce daga unguwar Herwagana, Mama muke ce mata. Tun ina tatata take awo a sitonmu, ranar Lahadi kaɗai ba ta zuwa saboda coci.

Bayan kakar shekarar nan, wani abokina da muka yi sakandare tare ya kira ni wani otal a GRA, ya haɗa ni da ejan na wani kamfani mai fitar da kaya waje. Mutumin ya fara bayani cewa tunda ƙasar gabas ta daina sayen waken ta yamma, yanzu ko'ina nema suke. Wallahi ban bari ya kai aya ba, ni na ƙarasa masa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ashe kai masani ne." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. A raina cewa nake, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ga bango ya tsage, ga ni.

Ya yi farashin da ban taɓa ji ba. Sharaɗinsa biyu ne. Duk abin da ke siton nasu ne, ko kwano ɗaya ba za a fitar ba. Sannan zai maƙala nasa kwaɗon kusa da nawa a ƙofa, don kada wani ya rigaye su, tirela kuma za ta zo cikin sati biyu. Na sa hannu a takarda mai shafi huɗu, ɗaya da rabi na karanta. Abin da na baro otal ɗin da shi hular kamfani ce da kalanda.

Mutum na farko da na kira aminin mahaifina ne, wani tsohon manomi daga kudancin jiha, Baba nake ce masa. Na ce kada ya sayar wa kowa, ya kawo duka. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Ɗan abokina ya ce a kawo, ai sai a kawo." Motarsa ce ta fara isowa, don haka buhunansa suka shige can ƙurya, na sauran manoma suka biyo baya har siton ya cika maƙil. Ejan ya zo ya danna wani ƙaton kwaɗo mai ruwan zinariya, ya jefa makullin a aljihu ya shiga mota.

Da na koma gida unguwar Barunde na ba mahaifiyata labari, tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Makullin nasa yana ina?"

"Yana wurinsa mana, Dada."

"Kai in kana son shiga fa?"

Na yi dariya na ce, "Dada, wannan harkar duniya ce, ba irin ta zamanin su Baffa ba ce." Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da tsintarta.

Washegari Mama ta iso da kwanonta da mata huɗu a bayanta. Ta dubi ƙofar, ta dube ni da hular kamfani a ka.

"Ɗana, yau ba a buɗe ba ne?"

"Mama, an sayar da kayan gaba ɗaya. Waje za a fitar."

"Har da na bakin ƙofa?"

"Har da shi. Ku ɗan leƙa gaba."

Ta ce, "Babanka bai taɓa ce mana mu leƙa gaba ba." Ta kifa kwanon a ka suka wuce. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, amma kafin azahar na manta.

Sati biyu suka wuce, babu tirela. Ejan ya ce cunkoso ne a tashar jiragen ruwa. Wata guda ya cika, ya ce takardu ake jira. Zafi ya shigo, manoma suka fara bugo waya, don damina na tafe kuma kowa na son ya shirya gona. Ina ta ba su haƙuri da manyan kalmomi. Sai wata safiya, ina ɗaura agogo, na ji a rediyo cewa ƙasashen nan biyu sun zauna teburin sulhu, har ana batun ta gabas za ta koma sayen wake inda ta saba. Ranar na je teburin mai shayi na zauna tsit, har wani ya ce, "Mai Sharhi, yau batir ya ƙare ne?"

Daga ranar wayar ejan ta koma ringi ba ɗauka. Na nemi abokina, ya ce oga ya yi tafiya, in ƙara haƙuri. Na ce to zan buɗe sitona. Ya ce, "Kul! Kada ka taɓa kwaɗon nan. Ka sa hannu fa. In ka fasa, cinikin ya warware, kuma kotu za su maka ka. Lauyoyinsu ba irin namu ba ne." Tsoron kotu ya kama ni, amma gaskiya ba shi kaɗai ya riƙe ni ba. Har lokacin ina hango farashin nan, kuma ba na son kasuwa ta ga Mai Sharhi riƙe da guduma.

Ana haka ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska mai ƙarfi. Da ya ɗauke na zagaya bayan siton na ga iskar ta ɓanɓare kwano guda na rufin, daidai ƙurya. Na sa kafinta ya hau ya buga, ya sauko yana girgiza kai, ya ce ruwa ya riga ya shiga da yawa. Duk ɗan kasuwar hatsi ya san abin da ke biyo baya in wake ya jiƙe a rufaffen ɗaki cikin zafin Gombe. Na tsaya a ƙofar sitona, na mahaifina, da makullina a hannu. Na buɗe nawa kwaɗon, ƙofa ba ta motsa ba.

Kwana na farko na kira ejan har batir ya mutu. Kwana na biyu wani tsami-tsami ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, masu wucewa na toshe hanci suna satar kallona. Na tura wa ejan saƙo ina roƙonsa, ni da kayana, ya ba ni izinin shiga ɗakina. An karanta, ba a amsa ba. Da safiyar kwana na uku hadari ya sake haɗowa ta gabas, ina zaune kan benci na rasa abin yi, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Dada ce ta sauko. Rabonta da kasuwar nan tun rasuwar mahaifina.

Ba ta gaishe ni ba. Ta je bakin ƙofar ta sunkuya ta shaƙi iskar, ta miƙe.

"Siton nan na waye?"

"Namu ne, Dada. Amma akwai takarda..."

"Waken ciki fa, na mai takardar ne? Shi ya noma?"

"A'a."

"To je ka aro guduma. In kotun ta zo, ka ce ni na sa ka."

Na aro gudumar na ɗaga. Rabin kasuwa ta taru. Bugu na shida kwaɗon ya saki. Da muka tura ƙofar, wani zafi da wari suka buso mu har sai da na ja da baya. 'Yan dako suka shiga fito da buhuna. Na gaba lafiya lau, na tsakiya sun yi danshi, suna bukatar shanya nan take, ga hadari a kanmu, ga shi ba ni da tamfol ɗin da zai ishe ni, ba ni da hannu.

Ban san wanda ya kai labari Herwagana ba. Sai ganin Mama na yi da mata sun fi ashirin, kowace da tabarma ko leda. Da Dada kaɗai suka gaisa. Suka baje waken a rumfunan maƙwabta da suka ba mu aro, suna juyawa da hannu, suna tsince wanda ya fara baƙi. Ruwa ya sauko muna jan tabarma ta ƙarshe. Na je na durƙusa gabanta na ce, "Mama, na yi kuskure." Ta ce, "Tashi, kada ka ɓata wandonka. Mu ba mu da jirgin ruwa, ɗana, amma gobe ma muna nan." Su da masu haɗa abincin kaji na cikin gari su suka kwashe waken nan, kwano-kwano, buhu-buhu, har ya ƙare.

Na ƙurya kam bai tsira ba. Ya yi fumfuna ya dunƙule, wani ma har ya tsiro ta jikin buhu. Kuma duk na Baba ne, noman shekararsa gaba ɗaya. Wanda ya fara yarda da ni, shi na tura inda ruwa ya sauka.

Baba ya zo bayan kwana biyu. Ya shiga ya tsuguna, ya damƙi waken ya murza a tafinsa. Na shiga rantse-rantse cewa zan san yadda zan yi. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ruwa na Allah ne, ban riƙe ka da shi ba. Amma kwana uku kana tsaye a ƙofa kana jiran izinin baƙo?" Ya zazzage buhunansa, ya naɗe su fanko ya ɗaure a bayan mashin. Na bi shi har ƙauye da ɗan kuɗin da na iya haɗawa, ya karɓa ya sa mini albarka, amma bai sake kawo mini ko tiya ɗaya ba har ya bar duniya.

Kotu ba ta zo ba. Ejan ma bai sake kira ba, ina jin ya manta akwai wani sito a Gombe da kwaɗonsa a jiki.

Yanzu ma ina jin labarai, kuma in na ji ana cewa manya sun sake ɓatawa, dama ta samu ga ƙasashe irin tamu, ba na musu. Dama ce. Ni ma ina sayar wa masu fitarwa waje, na gabas da na yamma, duk wanda ya zo da motarsa a ƙasa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za su shirya, don ba za su bugo mana waya ba, a rediyo za mu ji. Shi ya sa in na ji shugabanninmu sun je sun sa hannu a wata yarjejeniya, ba na tambayar nawa za a samu. Tambayar Dada nake yi: makullin yana hannun wa, kuma an bar wa na gida na bakin ƙofa?

Fasasshen kwaɗon yana nan rataye a ƙusa cikin siton. Bara wani sabon ejan ya gan shi ya tambaya, na ce na wani ne da ya bar mini ajiya. Ƙuryar kuwa ba na zuba kayan kowa a wurin. 'Yan dako sun ɗauka tsoron yoyo nake yi, alhali rufin ya daɗe da gyaruwa. Wurin Baba ne, kuma har yau ban iya na cike shi ba.