Sharaɗin Ambaliya da Na Yanke

Kafin sunana ya ɓaci, ni mai buga tafireta ne a ofishin wani lauya a unguwar Nasarawa, lokacin jihar Kebbi tana sabuwa. Ina da albashi, ina da mutunci, hakan bai ishe ni ba.

Maigidana ya tsara wata takardar yarjejeniya da 'yan kasuwa ke saya a wajensa. Ɗan kasuwa ya ba manomi iri da taki, manomi ya jinginar da fadamarsa, da kaka ya biya da shinkafa. Ranar da ya miƙa mini ita ya ce, "Wagga takarda gumina ta. Wanda duk yak kwahe ta ba izinina, ɓarawo na." Na yi dariya a zuci. Wai yanzu magana ma mai ita gare ta?

Na fara da buga guda biyu a ɓoye. Daga nan na sa aka sassaƙa mini hatiminsa, ina kai takardun Argungu ranar kasuwa ina sayarwa da araha. Tasa shafi biyu ce, ni kuwa rowar takarda ta sa na matse ta a shafi guda. Na yanke sakin layi na ƙarshe, mai cewa idan gulbi ya cinye shuka a ɗaga wa manomi ƙafa zuwa baɗi. Na ɗauka surutun lauyoyi ne.

Kawuna na Gulma, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya dangwala yatsa a kan irin tawa, don na rantse masa ta lauya ce. Da damina ruwa ya shafe fadamar. A kotu aka nemi sharaɗin ambaliya, babu. Ɗan kasuwa ya karɓe gonar, ni kuma hatimin jabu ya kai ni gidan yari. Abokan da muka ci tsire tare ko leƙe.

Da na fito na tuba, na nufi Gulma. Na iske kawu a duƙe yana dashe a fadamar da ya gada, ɗan ƙwadago. Bai ɗago ba ya ce, "Na yahe maka. Amma matsa, mai hwadama ba ya son a tsaya hira."

Samari, kada ku taɓa aikin wani ba da izininsa ba, balle ku rage abin da ba ku san dalilinsa ba. Ni na gama zaman gidan yari. Kawu har yau yana duƙe.